Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa: a riƙa ba mu wa'adi kafin a sauya dokar kasuwa

Masu girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga Jos, inda sana'ata ita ce riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi da cike musu takardun haraji. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai masu sarin hatsi, da masu kayan gwari na Farin Gada, da masu kayan gyaran mota na Dilimi, da masu gwanjo na Katako. Wanda yake irin wannan aiki yana ganin sawun kowace gwamnati a cikin littafin mutane, domin duk lokacin da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa a Abuja, kafin wata uku su cika sai lissafin ɗan kasuwar Jos ya sauya. Na zaɓi in rubuto muku ne maimakon fadar shugaban ƙasa saboda Kundin Tsarin Mulki a hannunku ya damƙa ikon ɗora haraji da amincewa da kasafin kuɗi, kuma dokar da kuka yi tana nan daram ko da wanda ya sa mata hannu ya sauka.

Buƙatata guda ce, ko da yake tana da rassa. Ina roƙon ku kafa doka da za ta wajabta wa kowace gwamnati, mai ci da mai zuwa, ta ba jama'a isasshen wa'adi kafin ta sauya haraji, ko kuɗin fito, ko ƙa'idar shigo da kaya da fitar da su.

Ba na jayayya da cewa gwamnatin da jama'a suka zaɓa tana da haƙƙin sauya manufa. Amfanin zaɓe ke nan. Dattawanmu har gobe suna tuna 1979, lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talaka ya ga amfanin ƙuri'arsa a aljihunsa. Wannan sauyi ne da aka yi alkawarinsa a filin kamfe, aka zaɓi mutane a kansa, suka hau suka cika. Abin da nake kuka a kai shi ne sauyin da ke faɗo wa mutane rana tsaka, bayan sun riga sun zuba jari bisa maganar gwamnatin jiya, ba tare da an ba su ko da kwana ɗaya su tattara nasu ya nasu ba. Jami'an gwamnati sukan ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To, manomin da ya riga ya zuba taki a gona, da ɗan kasuwar da kwantenarsa ke bisa teku, ba su da halin sauya rawa sai abin da suka soma ya kai ƙarshe.

Tarihin shinkafa kaɗai ya isa hujja. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta haramta shigo da ita, a 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ɗage haramcin ta mayar da shi kuɗin fito, daga nan kuma kuɗin fiton ya riƙa hawa da sauka gwargwadon wanda ke kan mulki. A watan Yunin 2015, makonni kaɗan bayan rantsar da Shugaba Buhari, Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya ce ba zai ƙara ba da dala a farashin gwamnati domin shigo da su ba, shinkafa na ciki, daga baya jerin ya kai 43. A watan Nuwamban wannan shekara aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, wanda a ƙarƙashinsa aka raba sama da naira tiriliyan ɗaya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, wata guda kacal bayan shugaban ƙasa ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, kuma ba a soma buɗe su ba sai a Disamban 2020, aka fara da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja domin duniya ta gani.

Saƙon da gwamnati ta aika wa jama'a a tsawon shekaru takwas ɗin nan a fili yake: ku noma, ku kafa injin casa, za mu tsare muku kasuwa. Mutane kuwa suka amsa. Wasu suka sayar da gidaje da filaye suka kafa injina a Kano da Kebbi da Jigawa, wasu suka ci bashin banki, matasan da suka bar gona suka koma fadama. A watan Oktoban 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya soke jerin kayan 43 a sanarwa guda, ya kuma janye hannunsa daga ba manoma bashi kai tsaye. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da yafe kuɗin fito na kwana 150 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Ban ce gwamnati ba ta da dalili ba, domin a tsakiyar wannan shekara hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, magidanta suna kwana da yunwa, kuma duk mai imani zai so mudun shinkafa ya sauko. Haka nan ban wanke tsohon tsarin ba, domin bashin Anchor da yawa ba a biya ba, rufe boda kuma ya azurta 'yan fasa-ƙwauri, ya tagayyara mutanen garuruwan kan iyaka, waɗanda har sayar musu da man fetur aka hana a tazarar kilomita 20 daga boda. Amma sanarwar yafe kuɗin fiton ta zo ne a tsakiyar damina, lokacin da manomin Mangu da na Saminaka ya riga ya sayi taki da tsada ya zuba. Da kaka ta zagayo, musamman ta 2025, farashin masara da shanshera ya faɗi, takin kuwa bai sauko ba, manoma da yawa suka tashi ko kuɗin da suka kashe ba su mayar ba, masu injinan casa kuma suka rage aiki. Da an sanar tun watan Fabrairu ko Maris cewa ga abin da ke tafe, da manomi ya san yawan abin da zai shuka da irin bashin da zai ci. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu ba ya ƙara gaskata gwamnati, kuma ranar da za a sake kiransa ya koma gona, zai ji kiran ya yi shiru. Wannan asarar ta fi asarar kaka guda girma.

Taki ma haka tarihinsa yake. Gwamnatin Jonathan ta kawo rabon taki ta saƙon wayar salula a 2012, gwamnatin Buhari ta ajiye shi ta kawo shirin haɗa taki a cikin gida tare da Maroko a ƙarshen 2016, aka sa buhu naira 5,500, kowane tsari da dillalansa da rajistarsa, kuma duk wanda ya zo sai manomi ya sake rubuta sunansa daga farko.

Sai maganar man fetur da dala. Adalci ne a faɗi cewa cire tallafin mai bai zo a ɓoye ba. Dokar man fetur ta 2021 ta yi tanadinsa, kasafin 2023 bai ware kuɗin tallafi ba sai zuwa watan Yuni, kuma manyan 'yan takara uku duk sun ce za su cire. Abin da ba a faɗa wa kowa ba shi ne rana, da tsari, da abin da za a tanadar wa jama'a kafin ranar. A ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwa a dandalin Eagle, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin kwana uku lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000. Makonni biyu bayan rantsuwar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Abubuwa biyu masu nauyi irin waɗannan, da kowannensu ya isa ya girgiza kasuwa shi kaɗai, aka sauke su a kan jama'a cikin wata guda. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 bai zo ba sai a Yulin 2024, bayan fiye da shekara. Kuma ba za a manta ba cewa a Janairun 2012, da Shugaba Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, cikin waɗanda suka fi ɗaga murya har aka dawo da ita 97 akwai waɗanda daga baya suka hau mulki suka aikata abin da suka hana. Idan matsayin ɗan siyasa kan manufa yana bin kujerar da yake kai ne, ɗan kasuwa ba shi da abin da zai dogara da shi wajen hasashen gobe.

Ranku ya daɗe, bari in nuna muku yadda abin yake a littafin ɗan kasuwa, domin a nan ne ake ganin ɓarnar da jawabi ba ya nunawa. A ɗauki mai kayan gyaran mota da ke da jarin naira miliyan bakwai da rabi a watan Mayun 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji, wato jarinsa dala dubu goma ne. Ya sayar da kayansa cikin watannin da suka biyo baya, ya ɗora riba daidai gwargwado, kuɗinsa ya zama naira miliyan tara. A takarda ya ci ribar miliyan ɗaya da rabi, kuma a kan wannan ribar jami'in haraji zai yi masa lissafi. Amma da ya koma sari dala tana naira 1,500, kuɗin nasa dala dubu shida kawai zai saya. Shagonsa ya ragu da kashi 40 cikin ɗari alhali littafi yana cewa ya ci riba. Ga kuma kuɗin fito, wanda ake lissafa shi da farashin dalar gwamnati. Hukumar Kwastam tana amfani da naira 422 kan dala kafin sauyin, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500, kuma a wannan watan an sauya farashin sau da dama cikin 'yan makonni. Ma'ana, kuɗin fito ya ninka fiye da sau uku a naira ba tare da wannan majalisa ta zauna ta ƙara ko kashi ɗaya ba. Mutum ya yi odar kaya da lissafi guda, kayan suka iso tashar Legas da wani lissafin, wasu suka bar kwantenoninsu a can domin ba su da abin fansa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta kamata ku dube ta da idon basira, wato abin da gwamnati mai barin gado ke yi a kwanakinta na ƙarshe. A watan Mayun 2007, ana saura kwanaki a miƙa mulki, gwamnatin Obasanjo ta ɗaga harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da aka saya, daga kashi 5 zuwa kashi 10, ta ƙara kuɗin mai daga naira 65 zuwa 75, ta kuma sayar da matatun mai na Kaduna da Fatakwal. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karɓi mulki ya tarar da yajin aikin gama-gari yana jiransa, aka mayar da VAT kashi 5, aka rage kuɗin mai, cinikin matatun kuma ya warware. Dukansu 'yan jam'iyya ɗaya ne, amma hakan bai hana kasuwa ta shafe makonni ba ta san wane farashi za ta bi ba. Bayan shekara goma sha shida aka maimaita. Canjin takardun naira da aka sanar a Oktoban 2022 ya jefa ƙasa cikin ƙarancin kuɗi ana gab da zaɓe, masu tumatir da kabeji a Farin Gada suna kallon kayansu suna ruɓewa domin mai saye ba shi da tsaba, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a watan Maris na 2023. Sannan a ranar 28 ga Mayun 2023, jajibirin saukarsa, Shugaba Buhari ya sa hannu kan Dokar Kuɗi ta 2023.

Abin da ya biyo bayan wannan sa hannu shi ne ginshiƙin roƙona. A farkon watan Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin ɗage fara aiki da wannan doka zuwa 1 ga Satumba, ya kuma dakatar da harajin kashi 5 kan kiran waya da harajin robobi. Dalilin da fadarsa ta bayar shi ne cewa Manufar Haraji ta Ƙasa ta 2017 ta tanadi a ba masu biyan haraji wa'adin aƙalla kwana 90 kafin sabon haraji ya fara aiki. Wannan hujja ce mai kyau, kuma ta nuna cewa gwamnati da kanta ta yarda da ƙa'idar. Matsalar ita ce wa'adin kwana 90 ɗin yana cikin takardar manufa ne, wadda ake ɗauko ta idan an ga dama, a ajiye ta idan an ga dama, kuma ba ta shafi rufe boda ko haramta fitar da kaya ko sauya lissafin kuɗin fito ba.

Shi ya sa muka ci gaba da ganin sanarwa yau, dakatarwa gobe. A Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da haraji kan kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata 'yan ƙasashen waje, a watan Maris aka dakatar. A Mayun 2024 aka umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da aka tura domin tsaron intanet, jama'a suka yi ca, aka janye. A Fabrairun 2025 Kwastam ta soma karɓar kashi 4 kan darajar kayan da aka shigo da su, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa a watan Satumba. A Agustan 2025 aka haramta fitar da ƙwaran kaɗanya na wata shida, ana tsakiyar lokacin da matan karkara a Neja da Kwara da Kebbi suka gama tsinta suna jiran masu saye, farashi ya faɗi a hannunsu. Niyyar a riƙa sarrafa man kaɗe a cikin gida niyya ce mai kyau, amma matan da suka fi kowa rauni a cikin wannan sana'a su ne suka biya kuɗinta. Kuma ku sani, ko da an janye haraji bayan mako biyu, farashin da ya hau saboda shi ba ya saukowa, domin ɗan kasuwa ya koyi ya riƙa ɗora wani abu a kan kayansa saboda abin da bai sani ba. Wannan ƙarin na fargaba, mai saye ne ke biyansa kullum.

Dokokin haraji huɗu da kuka zartar sun nuna cewa akwai wata hanyar. An kafa kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele a 2023, aka kawo muku ƙudurorin a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon VAT da aka zo da shi, malamai da sarakuna da ƙungiyoyi suka tofa albarkacin bakinsu, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a. Muhawarar ta yi zafi, har ta so ta koma rigimar Kudu da Arewa, amma ta haifar da gyara. VAT ya tsaya a kashi 7.5 maimakon ƙarin da aka nema, aka sake tsarin rabonsa, kason jihohi ya tashi zuwa kashi 55, na tarayya ya sauko zuwa kashi 10, aka kuma yafe harajin kuɗin shiga kan naira 800,000 na farko a shekara. Shugaban ƙasa ya sa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, aka ajiye 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki. Wata shida ke nan na shiri, kuma mu masu aikin lissafi mun amfana da su wajen karanta dokar da yi wa mutanenmu bayani. Ko wanda bai gamsu da dokokin ba zai yarda cewa ya san da zuwansu. Abin da ya rage wa wannan aiki daraja shi ne ƙorafin da ɗaya daga cikinku, Honarabul Abdussamad Dasuki na Sakkwato, ya gabatar a zauren majalisa a Disamban 2025, cewa abin da aka buga a jaridar gwamnati ya saɓa da abin da kuka zartar. Magana irin wannan tana taɓa tushen amana, domin wanda za a karɓi kuɗinsa da sunan doka yana da haƙƙin ya tabbata cewa dokar da ke hannun jami'in haraji ita ce wadda wakilinsa ya amince da ita.

Ina kuma tunatar da ku cewa harajin da ya fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya ba ya cikin kowace doka da kuka yi. Motar dankalin Turawa da ta taso daga Bokkos za ta nufi Kudu tana tsayawa a shingaye barkatai, kowane da rasit ɗinsa, wani ma babu rasit, kuma kayan gwari ba sa jiran a gama ciniki da mai sanda. Kowace gwamnati takan yi alkawarin kawar da wannan, sabbin dokokin ma sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta haraji da ofishin karɓar koken masu biya. Direba zai gaskata ne ranar da ya isa Onica da kuɗin da a da yake rabarwa a hanya.

Mu mutanen Jos mun san abin da rashin ɗorewar manufa ke jawowa tun kafin yau. Garin nan kuza ce ta gina shi, a nan aka kafa hedikwatar Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya a shekarun 1970, a nan aka gina kamfanin mulmula ƙarfe, kuma mun ga yadda wata gwamnati ta ce komai na hukuma ne, wata ta zo ta ce a sayar, har aka wayi gari gine-ginen suna nan babu aiki. Tashar sauke kaya ta tudu da aka amince a yi a Heipang, kusa da Jos, tun 2006, tare da ta Kano da ta Funtuwa, mun daɗe muna zuba ido a kanta.

Gaskiya ne akwai sauyin da ba daga gare mu yake tasowa ba. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, fataken Jibiya da Illela da Maigatari suka zauna, dabbobi da albasa suka yi tsada. Dawowar Donald Trump mulki a Amurka ta zo da sabon kuɗin fito kan kayan ƙasashe da dama a 2025, har da namu. Ba ku da iko a kan zaɓen Amurka ko barikin sojan Yamai. Wannan ma ƙarin dalili ne na ku rage mana rashin tabbas ɗin da ke cikin ikonku.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ku ɗauko wa'adin kwana 90 daga takardar manufa ku mayar da shi doka mai cin kanta, ta hau kan kowace ma'aikata da hukuma, har da Kwastam da Babban Banki a duk inda umarninsu ya shafi abin da ɗan ƙasa zai biya ko abin da aka halatta masa ya saya ya sayar. Kayan da aka riga aka yi odarsu aka buɗe musu takardun banki kafin sanarwa, a karɓi kuɗin fitonsu bisa tsohon lissafi. Game da amfanin gona kuwa, kwana 90 ba su isa ba, domin noma da damina yake tafiya. Duk wani sauyi kan shigo da hatsi ko fitar da amfanin gona a sanar da shi kafin faɗuwar ruwan farko, ya fara aiki bayan an kai amfanin wannan shekara kasuwa. Na san za a ce akwai lokacin gaggawa, kamar annoba ko yaƙi ko yunwa, kuma haka ne. A bar wa shugaban ƙasa wannan ƙofa, da sharaɗin ya kawo muku dalilinsa a rubuce cikin 'yan kwanaki, matakin kuma ya faɗi da kansa idan ba ku sabunta shi ba. Dokar kuɗin fito ta ba shugaban ƙasa ikon ƙarawa da ragewa da haramtawa, kuma ku ne kuka ba da wannan iko, saboda haka kuna da hurumin gindaya masa sharuɗɗa.

Haka nan ina roƙon ku yi dokar miƙa mulki da za ta hana gwamnati mai barin gado ƙaƙaba sabon haraji, ko sayar da babbar kadarar ƙasa, ko sauya takardun kuɗi, daga lokacin da aka buga gangar zaɓe har zuwa ranar rantsuwa, sai da amincewarku a bainar jama'a. Sabuwar gwamnati kuma, kafin ta rushe wani shiri da mutane suka zuba jari a kansa, ta kawo muku bayanin abin da shirin ya ci, da abin da ya haifar, da yadda za a yi da waɗanda suka shiga cikinsa da zuciya ɗaya. Zaman jin ra'ayin jama'a kan irin waɗannan batutuwa kada ya tsaya a ɗakunan taro na Abuja, inda sai mai kuɗin jirgi da lauya ke iya zuwa. A kawo shi Dawanau da Jos da Aba, a yi shi da harshen da 'yan kasuwar wurin ke ji, a kuma fassara dokokin haraji zuwa Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, domin mai shago ya karanta da kansa abin da ake binsa.

Kusan dukanku 'yan jam'iyyu ne da za su tsayar da 'yan takara a 2027. Ku matsa wa jam'iyyunku su faɗa mana a rubuce, tun kafin ranar zaɓe, matsayinsu kan dokokin harajin da aka soma aiki da su, da farashin dala, da tallafin mai, da shigo da abinci, da iyakokin ƙasa, tare da lokacin da za su aiwatar da kowanne. Mai son ya dawo da tallafi ya faɗi inda zai samo kuɗin, mai son ya rufe boda ya faɗi watan da zai rufe.

Wa'adin wannan majalisa ta goma zai cika a watan Yunin 2027. Yanzu ne ya fi dacewa a yi wannan doka, tun ba a san wanda zai lashe zaɓe ba, domin a yau babu wanda zai ce shi aka nufa da ita, kuma kowane ɓangare yana iya samun kansa a adawa gobe. Ina roƙon shugabannin kwamitocin kuɗi, da na kasuwanci, da na kwastam, da na noma a zaurukan biyu, tare da wakilanmu na Jihar Filato, su ɗauki nauyin gabatar da ƙudurin a wannan zango, a yi masa karatu, a kira mu mu faɗi abin da muka sani kafin a tafi hutun kamfe.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Mai riƙe wa 'yan kasuwa lissafi,
Jos, Jihar Filato.